Gorar ruwan yarona ta yi fumfuna, don Allah ku ba ni shawara

Maman Abba:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun jiya hankalina bai kwanta ba. Yarona shekararsa 4, bana ya fara lekol, wato makaranta, a nan Yelwa, Garwa. Gorar da yake tafiya da ita yayana ne ya kawo masa daga Duwala da Babbar Sallah, shuɗiya mai hoton mota, in ba a cikinta ba ba ya shan ruwa, har a gefen filo yake kwana da ita. Surukata tun ranar ta ce kayan yayi ne, su da suka yi reno da randa da moɗa wa ya mutu? Na yi shiru don a zauna lafiya. To jiya na ɓamɓare robar da ke cikin murfin, sai ga baƙi-baƙi manne a ƙarƙashinta. Na ɗaga bututun zuƙar a rana, shi ma ɗigo-ɗigo har ƙasa, ga wari irin na jiƙaƙƙen tsumma. Kuma sati biyu ke nan yana tari. Wallahi kullum sai na wanke ta. Babansa bai sani ba tukuna. Ya zan yi?

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam. Javel, wato ruwan bilic na wanki, ƙanwata, ba wani dogon zance. Cokalin shayi 1 a lita 1 ta ruwan sanyi, ban da ruwan zafi. Ki raba komai, gora daban, murfi daban, roba daban, bututu daban. Su jiƙa kamar minti 10, ki ɗauraye sosai har warin ya tafi, ki kife su a rana a buɗe. 'Ya'ya bakwai na rena. Amma ba ki faɗa mana ba, ruwa zalla kike zuba masa?

Amaryar Marwa:
Ni kam ba na kai javel kusa da abin da yaro zai sa a baki. Farin binigar, rabi shi rabi ruwa, ta kwana a ciki. Da safe ki zuba ɗanyar shinkafa kaɗan da ruwan sabulu ki girgiza, tana kankare inda hannu ba ya kai wa.

Maman 'Yan Biyu:
Ki haɗa su duka biyun mana, aiki ya fi kyau. Mu nan ma kwana uku famfo bai kawo ba, a wajen masu kura muke saye, ga yarinyar aikina sai ta rufe kwanuka da jiƙonsu ta cusa a kabad. Na yi magana har na gaji, in na ƙara a ce na cika faɗa.

Hajiya Babba:
Kul! Kada wanda ya haɗa javel da binigar ko lemon tsami. Iskar kulorin ke tashi, tana ƙona ido da maƙogwaro da huhu, a kicin mai rufe tana iya kayar da mutum. Ɗaya za a zaɓa, kuma na riga na faɗi wanne.

Maman Abba:
Na gode Hajiya. Ruwa ne yawanci. Wani lokaci zobo, wanda ake ce wa folere, ko kunun aya in na yi. Ai ba zan tura shi da ruwa kawai ba alhali 'yan ajinsu na zuwa da lemo. Kuma da yamma nake wankewa in rufe ta gam saboda kyankyasai.

Hajiya Babba:
To ga shi nan. Sukari, danshi, duhu, ga damina, me fumfuna ke nema da ya wuce haka? Kunun aya ma da ba ya yini a zafin Garwa bai yi tsami ba. Rufewar nan da jiƙonta ita ta jawo.

Anti Nas:
Maman Abba, tarin da ya kai sati biyu a yaro ɗan shekara 4 a kai shi asibiti a duba ƙirjinsa, kada ki yanke da kanki cewa gorar ce. Ki faɗa musu abin da kika gani. Batun bututun kuma, jiƙo kaɗai ba ya isa, sai an zura siririn buroshi irin na wankin fida. In cikin gorar ya kakkarce, ko baƙin ya kama jikin robar ya ƙi fita, gara ki canza. Kada ki tafasa ta in ba a rubuta tana jure zafi ba, za ta lanƙwashe.

Maman 'Yan Biyu:
Nawa ma tari suke tun farkon komawa lekol, uban ya ce sanyi ne, ya hana kuɗin magani.

Maman Abba:
Yar da ita kam ba zan iya ba, Anti. Ba ku san kukan yaron nan ba, kuma surukata na gani za ta ce dama ta faɗa. Ni ba ƙazama ba ce, kowa ya shiga kicin ɗina ya sani. Asibitin sai babansa ya dawo daga Ngaundere ranar Juma'a. Yanzu na jiƙa ta a binigar don shi nake da shi a gida. In na ɗauraye gobe zan iya bin ta da javel ɗin, ko shi ma haɗawa ne? Kuma akwai inda ake sayar da robar murfin ita kaɗai a babbar kasuwa?

Amaryar Marwa:
Ni ma robar nake nema tun bara.