Muhawara: shin kiɗan gari ya fi kiɗan yaƙi nauyi a wasannin RPG?

Ɗan Jekadafari: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina nan a kan bakana game da maganar da muka fara jiya bayan la'asar, cewa a wasannin RPG, waɗanda mutum yake ɗaukar jarumi ya bi labarinsa gari-gari, kiɗan garuruwa ya fi kiɗan yaƙi wuyar tsarawa, kuma ya fi shi zama a rai. Kiɗan yaƙi yana da mataimaki, domin fargabar kada a kashe ka ta riga ta tsinka maka zuciya tun kafin a buga ganga. Kiɗan gari kuwa shi kaɗai yake ɗauke da kayansa, zai yi ta zagayowa kana sayen magani, kana tambayar hanya, kana neman masauki, kuma ba a yarda ya gundure ka ba.

Malam na Bolari: Wa alaikumus salam. Ban yarda ba, ƙanena. Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai daga aikin mai tsara kiɗa Nobuo Uematsu a wasan Final Fantasy VII, wanda ya fito a 1997, shi ne kiɗan karon ƙarshe da babban abokin gaba Sephiroth, kiɗa mai muryoyin mawaƙa da harshen Latin. A can ne ya zuba iyakar basirarsa. Gari wurin shan iska ne kawai kafin a koma fagen fama.

'Yar Pantami: Malam, Allah ya ƙara girma, da wannan wasan da ka kawo zan kafa tawa hujjar. Mutum yakan shafe sa'o'i a Midgar, birnin ƙarfe da hayaƙi inda talakawa suke zaune a ƙarƙashin rufin da ya tare musu rana. Da ya fita ya shiga ƙaramin garin Kalm, sai kiɗa ya yi laushi, ya ji kamar an sauke masa kaya daga kai, alhali ba wanda ya ce masa ya tsira. A ƙauyen Cosmo Canyon na wannan wasan kuma ganguna ne suke sanar da kai cewa ka zo wurin masu riƙo da gadon kakanni. Ai mu wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu: wanda ya ji kakaki da algaita ranar hawan salla ya san ya kusa fadar Sarkin Gombe ko da idonsa a rufe yake, kamar yadda kalangu yake tuna mana da mahauta.

Ɗan Herwagana: Ina tare da Yaya, sai dai zan ƙara cewa ba kowane kiɗan gari ne na hutu ba. Junichi Masuda ya tsara kiɗan wasan Pokémon na farko, wanda ya fito a Japan a 1996, a kan na'urar wasa ta hannu Game Boy mai layukan sauti huɗu kacal. Da waɗannan huɗun ya sa Pallet Town, garin da jarumi yake farawa, ya zama kamar gida, ya kuma sa Lavender Town, garin da hasumiyar kaburbura take, ya riƙa tayar da tsikar jiki.

Malam na Bolari: To ai ka taimake ni ne, domin tsoro ne ya sa ake tuna Lavender Town, kuma tsoron nan shi ne mataimakin da aka ce kiɗan yaƙi ya dogara da shi. Sannan a wasan Skyrim na 2011, kiɗan gari yakan zo ya tafi, ya bar ka da ƙarar maƙera da surutun 'yan kasuwa, kuma ban ji garin ya rasa komai ba.

Ɗan Jekadafari: Malam, a titin Lavender Town ba abin da yake iya taɓa ka, don haka tsoron da ka ji a wurin kiɗan ne ya haife shi, ba takobin abokin gaba ba. Ina roƙon ka daren nan ka shiga Kalm da lasifika a kashe, ka zagaya gidajen, sannan ka kunna sauti ka sake zagayawa, gobe ka faɗa mana abin da ka ji.

Malam na Bolari: Zan gwada in Allah ya yarda, amma zan yi wa karon Sephiroth irin wannan gwajin.