Pinotage da gasasshen nama

Ishaya: Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya. Baƙo ya zo otal ya nemi jar giyar inabi da zai ci gasasshen nama da ita, sai ma'aikaci ya ruga ya ɗauko Bordeaux, giyar Faransa, a bar Pinotage tana shan ƙura a kan kanta. Alhali inabin Afirka ne na asali, daga Stellenbosch ta Afirka ta Kudu. Tana da bauri, da ɗan ƙauri, barasarta kan kai kashi 14 cikin ɗari. Naman da ya sha hayaƙin gawayi, mai kitse, ba ta da na biyu a kansa, domin kitsen ne ke kashe baurin.

Mamman Yamai: Na asali? Yaya Ishaya, a gyara zance. A 1925 Farfesa Abraham Perold ya haɗa auren Pinot noir da Cinsaut a Jami'ar Stellenbosch. Uwa da uba duk 'yan Faransa ne. A lokacin Hermitage suke kiran Cinsaut a can, shi ya sa aka tsinko Pino da tage.

Ishaya: To a ina aka haife shi? Ko akwai gonar Pinotage a Faransa kafin 1925?

Talatu: Bar shi, Yaya. Mutanen Yamai in ba Faransa ta sa hannu ba, abu bai yi ba.

Mamman Yamai: Anti Talatu, kar ki kawo ƙasa cikin maganar. Asali shi ne wanda aka tarar a wurin. Inabin giya ma Turawan Holan ne suka kai shi Kef, yankin da Stellenbosch take, a 1659 aka fara matsa.

Talatu: Da wannan lissafin masara da rogo ma ba namu ba ne.

Bitrus: Ku tsaya. Dalilin da ya sa ake gudunta shi ne wari, kuma warin gaskiya ne. Inabin yana da kaurin ɓawo, yana tsima da sauri. In kurangar ta sha ƙishi, ko aka bar tsimin ya yi zafi, sai ka ji warin ayaba da na fentin farce. In aka bar ɓawon ya daɗe a ciki, bauri ya koma ɗaci. Shi ya sa a gonar inabi ta Kanonkop da ke Stellenbosch ake danna ɓawon cikin ruwan duk bayan awa biyu, dare da rana, a buɗaɗɗen kwarmin siminti, a tsame shi bayan kwana uku zuwa huɗu. Beyers Truter, mai haɗa giyar wannan gona a lokacin, ya ci kyautar gwanin shekara a gasar giya ta Ingila a 1991 da Pinotage.

Mamman Yamai: Kyauta ba ta mayar da shi na asali ba, Oga Bitrus.

Alhaji Sani: Ni dai abin da na gani, ana ta yabon haram kamar ana tallar zuma.

Talatu: Ranka ya daɗe, ba wanda ya ce kowa ya sha. Mu nan masu yi wa baƙi hidimar tebur ne, kuma ba duka ne Musulmi ba.

Alhaji Sani: Wanda ya miƙa ma yana da nasa kason, 'yata. Na faɗa na fita.

Ladi: Tunda ba a amsa maganar abinci ba: kada wanda ya kai Pinotage da tsire mai yaji sosai. Barkono da barasa mai kashi 14 suna ƙara wa juna zafi, baƙo zai ji harshe na ƙuna, baurin ya fito fili. A rage yaji, ko a kai balangu, haƙarƙarin rago, ko naman daji. Su can Afirka ta Kudu da tsiran boerewors da bobotie, wato gasasshen niƙaƙƙen nama mai kayan ƙamshi, suke ci. Kifi kuwa a'a, ɗanɗanon ƙarfe yake bari a baki. Sannan zafin ɗakinmu ya yi mata yawa. Digiri 16 zuwa 18 take so: minti 20 zuwa 30 a firji, a buɗe, a juye a tulun gilashi ta sha iska rabin awa.

Bitrus: Minti 30 ya yi yawa, ƙanwata. Sanyi yana ƙara bauri.

Ladi: A Abuja a watan Maris, kwalbar da ta yini a kan kanta? Minti 20 ba ya taɓa ta.

Bitrus: To laifin mai ajiya ne. Ba a ajiye ta a tsaye kusa da kicin. Kwance, a inuwa.

Talatu: Bari in taƙaita. An yarda Pinotage ta Afirka ce, an yarda ta fi Bordeaux dacewa da gashi, Mamman kaɗai ya ƙi, kuma bai kawo hujja ba. A sa ta firji minti 30 kamar yadda Ladi ta ce.

Mamman Yamai: Wa ya yarda? Shekaru biyu na kawo, 1925 da 1659. Kuma ba wanda ya gwada ta da Bordeaux a nan. A kawo cinyar rago a jera kwalabe biyu tukuna.