Yaƙi da ciyawa a lambu ba tare da korar ƙudan zuma ba

Malam Sani, Iyana-Iba:
Assalamu alaikum. Bara, da ruwan watan Yuni ya zauna, ciyawa ta fi ƙarfin fartanyata, sai na yi feshi da hantsi a gefen lambun kokwamba, lokacin ciyawar harantama tana cike da fure. Don in rage wahala, na haɗa maganin ciyawa da na ƙwari a injin feshi ɗaya. Washegari na tarar da ƙudan zuma a zube a bakin kunya, sannan 'ya'yan kokwambar da suka biyo baya yawancinsu a lanƙwashe suke kamar lauje, har dillali a kasuwar Mile 12 ta Legas ya ƙi taya su. Ina neman jin yadda kuke yi.

Baba Ilu, Ojo:
Wa alaikumus salam, Malam Sani. Kokwamba furenta iri biyu ne, namiji da mace, kuma macen ce mai ɗan ƙullutu a gindinta. Idan zuma ba ta kai mata garin fure yadda ya isa ba, ɗan ko dai ya faɗi ko ya fito a karkace. A ganina maganin ƙwarin ne ya yi maka ɓarnar, amma na ciyawar ma ba a wanke shi ba, tunda abincin ƙudan zuman ya ƙone. Ni tun kafin hukumar NAFDAC ta haramta maganin ciyawa na paraquat a 2024 na daina taɓa shi. Tofa kaɗai nake yi wa maganin ciyawa na glyphosate, saboda saiwarta tana tafiya a ƙarƙashin ƙasa, kuma sai na sare ta, na bar ta ta toho, sannan in fesa dab da magariba idan iska ta kwanta.

Hajiya Rabi, Agege:
Baba ya yi gaskiya. Ni ɗan fili ne gare ni a bayan gida, ugu da alayyafo nake shukawa. Kwalaye nake karɓowa daga masu shaguna, in cire musu leda, in shimfiɗa tsakanin kunya da kunya, in rufe da busasshiyar ciyawar da ba ta yi iri ba. Wannan ya kashe tuji da harkiya. Jiji dai, Allah ya sani, ta gagare ni: da kwalin ya jiƙe sai ta huda shi ta fito tsaye kamar allura, dole sai an tono ta har ƙwayoyinta, a shanya su a rana. Harantamar da ke jikin katanga kuwa da gangan nake bari, ko da maƙwabciyata tana cewa lalaci ne, domin furenta yana jawo ƙwari, kuma ugu namiji daban yake da mace, ba zai yi ɗa ba sai ƙwari sun ratsa tsakaninsu.

Malam Sani:
Na gode, Baba da Hajiya. Bana zan gwada kwalin a kunya huɗu tukuna, in ga yadda zai jure ruwan Yuli.