Kyankyasai sun hana ni sakat a gidan haya, don Allah a ba ni shawara

Maman Uku:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata bakwai ke nan da muka tare a wani gidan haya a Kano, mu iyali huɗu, kowa da ɗaki biyu da kicin da banɗakinsa, sokawe kuma ɗaya ce a tsakar gida. Da sanyi muka shigo, ban ga komai ba. Zafi na kamawa sai ga kyankyasai, damina na sauka kuwa abin ya zama sai addu'a. In na kunna fitilar kicin da dare sai in ga kamar ƙasa ce ke tafiya. Shekaranjiya da asuba na tarar da ɗaya a kan katifar jaririna, ko arba'in bai yi ba, babban ɗana kuma yana da asma. Na ƙarar da gwangwanin maganin feshi uku, na zana allin nan na kyankyaso, na zuba kafur a akwatin kayan yara. Kwana biyu su lafa, su dawo. Masu feshi sun faɗi kuɗin da ba mu da shi, mai gidan kuma ya ce ba ruwansa. Me zan yi da hannuna?

Uwargida Sarautar Mata:
Wa alaikumus salam. Sannu maijego. Ki sa a sayo miki fiya-fiya ki haɗa da kananzir kaɗan, ki yayyafa ko'ina da yamma ki kulle ƙofa. Da safe tsintsiya kawai za ki sa.

Anti Nas:
Don girman Allah Maman Uku kar ki yi wannan. Uwargida ki yi haƙuri, ba raini ba ne, abin da idona ya gani a wurin aiki ne ya sa ba zan yi shiru ba. Fiya-fiya da Sniper duk sinadarin dichlorvos ne, maganin gona ne. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna. Ta numfashi yana shiga jiki, ta fata ma yana shiga. Ga jinjiri, ga mai asma, a ɗaki biyu? Kar garin neman gira a rasa ido. Haka ƙwayar nan da 'yan wake ke sa wa buhu, wadda suke cewa bom, in wani ya kawo miki shawararta ki ce a kai kasuwa. Da ta ji danshi take fitar da iska mai guba, tana bi ta silin ta shiga har ɗakin maƙwabta, kuma tana kisa.

Sai maganar kafur. Yau ɗin nan ki kwashe shi daga kayan jariri, ki wanke kayan ki shanya a rana. Yaranmu da yawa, musamman maza, ana haifarsu da ƙarancin wani sinadari a jini da ake kira G6PD, warin kafur kaɗai yana iya farfasa musu ƙwayoyin jini. Kin zo neman shawara, kar ki kwashi ciwon shawara. In kin ga idonsa ko jikinsa ya yi rawaya, asibiti kai tsaye.

Uwargida Sarautar Mata:
To Anti, mu dai shekara nawa muna sawa, Allah na tsarewa.

Anti Nas:
Allah ya ci gaba da tsarewa, amma ki daina.

Malama Mai Kimiyya:
Maman Uku, kafin kowa ya ƙara faɗin magani, wane iri ne? Manyan nan jajaye masu tashi, ko ƙanana masu ruwan ƙasa da layi biyu baƙaƙe a bayan kai?

Maman Uku:
Malama duka biyun. Manyan a banɗaki da tsakar gida. Ƙananan a kicin, cikin kabad da bayan firij, har cikin rediyon maigida. Na ɗauka 'ya'yan manyan ne. Anti Nas na gode, na kwashe kafur ɗin yanzun nan, gabana sai faɗuwa yake.

Malama Mai Kimiyya:
Ba 'ya'yansu ba ne, jinsi biyu ne, kuma yaƙinsu ba ɗaya ba. Babban baƙo ne, gidansa sokawe da kwata, ziyara yake kawo miki. Ƙaramin shi ne ɗan gida, a kicin ɗinki aka haife shi, a nan zai mutu, kuma shi ne mai wahala. Macensa tana yawo da jakar ƙwai a bayanta, kamar ƙwayar wake, jaka ɗaya ƙwai 30 zuwa 40, ba ta sauke ta sai dab da ƙyanƙyasa, wajen wata guda. Feshi ba ya ratsa jakar. Shi ya sa kike share gawa yau, bayan sati biyu ki ga 'yan mitsi-mitsi. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Kuma wanda kike gani da ido kaɗan ne a kan wanda ke cikin tsaguwa, feshin ma tarwatsa su yake ƙara yi, su bar kicin su shiga ɗakin kwana.

Abin da ke aiki shi ne ki ba su guba su ci da bakinsu. Ki je kantin magungunan ƙwari ko babban kemis ki nemi maganin kyankyaso na jel, cikin sirinji yake zuwa. Ki karanta jikinsa, ki ga an rubuta fipronil ko imidacloprid ko indoxacarb, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Ɗigo kaɗan-kaɗan za ki yi, kamar ƙwayar shinkafa, a wurare da yawa: kusurwar kabad ta ciki, wajen hinjin ƙofofinsa, ƙarƙashin sink, bayan firij kusa da injin inda ɗumi yake. Ba ya kashewa nan take, kuma nan hikimar take. Wanda ya ci zai koma maɓoya ya mutu, 'yan uwansa su ci kashinsa da gawarsa, su ma su bi shi.

Sharaɗi biyu. Kar ki yi feshi kusa da inda kika ɗiga, in ya ji warin ba zai ci ba. Kuma kar ki bar masa wani abincin da ya fi naki daɗi. Rediyon kuwa kar ki fesa masa komai, ki ɗiga jel a kan takarda ki ajiye gefensa.

Hajiya Babba:
'Yata sannu da jego, Allah ya raya. Ni ban san wannan na sirinjin ba, hodar borik asid na sani, da ita na raba gidana da su. Cokali ɗaya na hodar, cokali ɗaya na fulawa, sukari rabin cokali, ki ɗiga madara ki kwaɓa ya yi kamar ƙullin cincin. Wasu na goga albasa a ciki don ƙamshi. Ki cuccura ƙanana ki sa a murfin kwalbar lemo ki tura can inda hannun yaro ba ya kai. In ya bushe ƙamas ki sake sabo. Sai kin yi haƙuri, sati ɗaya zuwa biyu kafin ki fara ganin bambanci. Ki rubuta suna a jikin robar hodar ki ɗora sama, don fara ce tas, wani zai ɗauka gishiri ne ko bakar hoda ta girki. Allin nan ma ki daina, yara suna ɗauka na makaranta ne su kai baki.

Gaskiya Ɗaya Ce:
A dai riƙa tsafta. Kyankyaso ba ya zama gidan mai tsafta.

Maman Uku:
Baiwar Allah ba ki san gidana ba. Da ɗanyen jegon nan sau biyu nake shara, ba na kwana da wanke-wanke.

Matar Mai Famfo:
Rabu da ita Maman Uku. Gidan haya mai sokawe ɗaya, ko da harshe kike lashe tayil za su zo. Na karanta wa maigidana saƙonki, aikin famfo yake yi, ga abin da ya ce in faɗa miki.

Ki fita da tocila bayan isha ki haska murfin sokawe. In akwai tsaguwa ko gefen da siminti ya zube, to nan ce ƙofarsu, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kwano ɗaya na siminti da yashi ya isa a liƙe. Dogon bututun nan da ke fitar da wari sama, a ɗaura masa ragar sauro ta waya a baki, kar dai a toshe shi. A cikin banɗaki, ramin da ruwan wanka ke fita, yawancin gidajen haya bututu ne miƙaƙƙe ba lanƙwasar da ke riƙe ruwa, to ta nan suke hawowa. Kafin a gyara, ki cika leda mai kauri da ruwa ki ɗaure ki ɗora a kan ramin kowane dare, tana zama daram ta rufe shi. Ki duba inda bututu ya huda bango ƙarƙashin sink, in akwai rata ki cusa soson ƙarfe ki shafe da siminti. Ƙasan ƙofa kuma a buga roba.

Ya ce kar a zuba baƙin mai ko kananzir a sokawe kamar yadda wasu ke yi. Yana kashe ƙwayoyin da ke narkar da bayan gida, ramin ya riƙa saurin cika, in akwai rijiya kusa kuma ya gurɓata ta.

Nawa ƙarin shi ne ruwa. Kyankyaso yana iya yin kusan wata bai ci ba, amma ƙishirwa sati guda take kai shi. Ki goge sink ya bushe kafin ki kwanta, ki matse soso, ki rufe bokitai, ki duba farantin da ke tara ruwa a bayan firij. Mutane da yawa ba su ma san yana nan ba.

Amaryar Bana:
Ni tsoronsu nake ji wallahi, mai tashin nan in ya nufo ni har ɗankwali nake yarwa. Abin da nake yi, ruwan omo mai kumfa a robar feshi, in ka jiƙa shi sosai minti kaɗan ya wuntsila. Ta gefen jikinsa yake numfashi, sabulun ke toshewa.

Malama Mai Kimiyya:
Gaskiyarki Amarya, kuma ya fi dacewa da gidan mai asma. Sai dai wanda ya fito kawai yake kashewa. Maman Uku, na manta kwalaye. In kina da kwalayen da kuka yi ƙaura da su, ko kiret ɗin ƙwai na takarda, ki fitar. Cikin ramukan kwali suke ɓuya su yi ƙwai, ta nan ma ƙananan suke shigowa gida daga shago. Kashinsu, baƙin ɗigo-ɗigon nan kamar garin barkono a kusurwar kabad, ki goge da jiƙaƙƙen tsumma, kar ki kaɗe a bushe, ƙurarsa da saɓar jikinsu suna tayar da asma. Ki sa yaron ya fita lokacin da kike aikin.

Hajiya Babba:
Kuma ki tara matan gidan ku yi rana ɗaya. In ke kaɗai kika yi, na maƙwabta za su cike gurbi.

Maman Uku:
'Yan uwa na dawo, yau sati biyar. Kwalaye tara na fitar daga saman kabad, abin da na gani a cikinsu ba zai faɗu ba, a waje na ƙone su. Jel na samu, na Hajiya kuma na sa a sito. Satin farko har na fara cewa kuɗina sun tafi a banza, don ban ga gawa ba, sai a na biyu na riƙa tsintarsu a bayan firij. A sati na huɗu 'yan ƙanana suka ɓullo kamar yadda Malama ta faɗa, na sake ɗigawa. Jiya da dare na kunna fitila, biyu na gani.

Murfin sokawe kuwa ashe gefe guda a buɗe yake, hannu na shiga. Mu uku muka yi karo-karo aka liƙe, aka sa raga a bututun. Ta huɗun ta ce ita fiya-fiyarta ta ishe ta, ranar da ta zuba sai da na kwashi yara muka wuni gidan yayata. Maigida ya ce zai sami mijinta su yi magana ranar Juma'a. Matar Mai Famfo, don Allah tambayar min shi, ledar ruwan nan ta fashe min sau biyu, nawa ne kuɗin sa lanƙwasar a banɗaki ɗaya, kuma sai an fasa tayil?