Wace kalma za mu ba "spore" na bakteriya?

1. Masu fassara darussan kimiyya sun saba kiran "spore" da iri, kuma idan maganar naman gwari ake yi kalmar ta dace, domin da shi yake yaɗuwa. A wajen bakteriya irin Bacillus subtilis, wadda ita ce ke ruɓar da kalwa har ta zama daddawa, kalmar ba ta zauna ba. Ƙwayar bakteriya ɗaya "spore" ɗaya tak take samarwa, saboda haka babu hayayyafa a ciki. Idan abinci ya yanke mata, sai ta tattara ƙwayoyin gadonta a tsakiya, ta busar da su, ta lulluɓe su da rufin furotin mai jure zafi da bushewa, kamar yadda gaiwa ke shigewa cikin laka ta jira damina.

2. An kawo shawarar dunƙule, amma madafa ta riga mu kama wannan kalma. Ƙwanso kuwa ɓawon kawai yake nunawa, ya manta da rayayyen abin da ke ciki. Ni dai na fi karkata ga ƙwayar sulke, shi kuma rufin a kira shi sulke.

3. Amfanin zaɓin yana fitowa ne a aikin da masu bincike a birnin Nafoli na Italiya suka buɗe ƙofarsa a 2001, lokacin da suka haɗa wani ɓangare na gubar tetanus da furotin CotB na sulken. Daga baya aka bi hanyar da enzayim, wato furotin mai sauya wani sinadari zuwa wani, misali wanda ke raba sukarin madara gida biyu. Ana haɗa ƙwayar gadonsa da ta ɗaya daga furotin ɗin sulken, CotB, CotC ko CotG, sai uwar ƙwayar, wato bakteriyar da ƙwayar sulken ke samuwa a cikinta, ta gina sulken da enzayim ɗin a jiki, ta fashe ta saki ƙwayar sulken. Idan an gama sauya sinadarin, sai a tace ƙwayoyin a sake aiki da su.

4. Game da "display", kalmar Turancin da ake kiran wannan ɗora enzayim a kan sulke da ita, baje koli ya yi kama da kasuwa. Ina ganin a ce dasawa idan ta hanyar gado aka yi, mannawa kuma idan an jiƙa ƙwayoyin ne cikin ruwan enzayim har ya kama jikinsu. Jimlar za ta zama: dasa enzayim a kan sulken bakteriya. Malaman kimiyyar halittu, ko kuna da gyara?