Motar ƙaramar hukuma ta daki shagona, inshora ta ce miliyan 3 ce iyakarta

Mai shagon kayan wuta, Sheka:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman wanda ya taɓa shiga irin halin da nake ciki ya ba ni haske. Yau sati uku ke nan, bayan la'asar, birki ya shanye wa motar ɗaukar ma'aikata ta wata ƙaramar hukuma, ta hau dakali, ta daki motata da ke ajiye a ƙofar shago, ta tura ta har cikin rumfa. Alhamdu lillahi ba wanda ya ji rauni, yarona ya shiga ciki ɗauko wa wani soket a lokacin. Amma gefen motar ya lotse tun daga fitila har ƙofar baya, ƙyauren shagon ya tanƙware, farantan sola shida da batura biyu sun tashi daga aiki.

Direban dattijo ne, yana ta salati har da hawaye, na kasa ɗaga masa murya. Takardunsu kuma na gaske ne. To da na haɗa kiyasin mai gyaran jiki, da farashin kaya daga Kofar Ruwa, da asarar shago, abin ya haura miliyan biyar. Kamfanin inshorar ya ce shi miliyan uku zai biya, ba ƙarin ko kwabo. A sakatariya kuma an ce ai maganar ta koma hannun inshora. Ragowar fa, wa zan kama?

Ɗan adaidaita, Kurna:

Alhaji Allah ya mayar da alheri. Kai ka ma yi sa'a takardarsu ta gaske ce. Ni lokacin da 'yan sanda suka fara kamen inshora a watan Fabrairun 2025, na ruga wajen sabunta takardu, wani ɗan kamasho ya tare ni a bakin ƙofa, ya karɓi kuɗina, cikin minti ashirin ya kawo takarda mai sheƙi har da hatimi. Ban fi wata biyu ba na gogi wata jif a danja, fitilar baya da bamba. Na fito da takarda ina ƙafafa. Ɗan mai motar ya danna *565*11# a wayarsa, ya sa lambar mashin ɗin, babu ni babu dalilina. Jabu ce. Ƙarshe dai sulhu aka yi a gaban shugaban tasharmu, na riƙa biya duk Juma'a tsawon wata bakwai, ga balas ɗin mai mashin kullum yana jira. Fitila ɗaya fa.

Tsohon ma'aikacin inshora, Tarauni:

Alhaji, sannu da wannan jarrabawa. Na yi shekaru a wannan aiki, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar iyakar nan a matsayin iyakar haƙƙinka. Ba haka ba ne. Miliyan ukun iyakar abin da kamfani ya ɗaukar wa mai motar ne. Ɓarnar da aka yi maka tana nan a wuyan mai motar, wato ƙaramar hukumar, duk abin da ya haura ita za ta cike daga aljihunta.

Ga yadda abin ya samo asali. Hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ce ta canza farashin inshorar da ke biyan wanda motarka ta yi wa ɓarna, daga ranar 1 ga Janairun 2023. Motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, abin da ake biya na ɓarnar dukiya kuma ya tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Motar ɗaukar ma'aikata 20,000 ce, ita ma miliyan 3. Manyan motocin dako 100,000, iyakarsu miliyan 5. Adaidaita 5,000 da miliyan 2, babur 3,000 da miliyan 1. Wannan duk maganar dukiya ce. Rai da rauni ba a yanka musu irin wannan adadi ba, shi ya sa na yi hamdala da ka ce yaron yana ciki.

Lokacin da aka yanke miliyan ukun, dala ba ta kai 500 a banki ba. Bayan an saki naira a watan Yunin 2023 kowa ya ga inda farashin kayan mota ya tafi, adadin kuwa yana nan inda aka bar shi. Kuma wannan mafi ƙaranci ne kawai. Duk mai mota, mutum ne ko hukuma, yana iya ƙara kuɗi a ɗaga masa iyakar. Su waɗannan ba su ƙara ba, shi ke nan.

Abu ɗaya zan roƙe ka: takardar da za su ba ka ka sa wa hannu kafin biya, ka karanta ta layi-layi. Idan ta ce ka karɓa a matsayin cikakken biya kuma ka yafe wa kowa, ka rufe wa kanka ƙofa.

Wani daga Fagge:

Ni dai a sanina inshora takardar wuce shinge ce. Shekara ashirin ina tuƙi ban taɓa ganin wanda aka biya ba.

Mai makarantar Islamiyya, Gwale:

Malam na Fagge, to yau ka ji, ni an biya a madadina. Motar ɗaukar yaranmu ta taɓa rushe katangar wani bawan Allah tana ja da baya a lungu, ta haɗa da babur ɗinsa. An ɗauki hotuna, mun kai rahoton 'yan sanda da kiyasin magini, bayan sati shida kuɗi suka shiga asusunsa. An yi ta kai-kawo kam, sau huɗu ina zuwa ofishinsu, amma an biya.

Da farko ni ma ba na son harkar, saboda shubuhar da malamai ke faɗa. Maigidana ne ya nuna min takaful, inda kuɗin da kowa ya zuba ke zama gudummawa a asusu ɗaya, kamfani yana kula da shi, in an samu rara a ƙarshen shekara a raba wa waɗanda suka cancanta. Da na zo sabuntawa bana na ce a ɗaga min iyakar. Motarmu kullum tana ratsa titin BUK da safe tsakanin motocin da madubinsu kaɗai ya fi albashin malamina ɗaya. Abin da na ƙara bai kai kuɗin man sati biyu ba.

Tsohon ma'aji, ɗan fansho:

Ɗana, bari in faɗa maka yadda ake yi daga ciki, don na zauna a irin waɗannan zaman. Idan aka zo sabunta takardun motoci, takarda ce ake kawowa da zaɓi biyu ko uku: mafi ƙarancin da doka ta tilasta, ko a ƙara iyaka, ko a yi wa motar cikakkiyar inshora wadda ake biyan aƙalla kashi 5 cikin ɗari na darajarta. A inda na yi aiki, na farkon muke ɗauka kusan kullum. Ba mugunta ba ce. Ga albashi, ga rijiyar burtsatse da ta lalace, ga kansila yana neman kwalbati, wa zai tsaya kare kuɗin haɗarin da bai auku ba? Na taɓa kawo shawarar a ƙara wa motar shara da motar asibiti, tunda su ne kullum a titi. Aka yi dariya aka ce Allah ya tsare. Na ce amin, aka wuce.

Don haka kada ka tsaya ga maganar baki. Rubuta wa shugaban ƙaramar hukumar takarda, ka haɗa hotuna, rahoton 'yan sanda, rasit da kiyasi. A buga maka hatimin karɓa a kwafinka da kwanan wata. Ka bi ta hannun kansila ko dagaci in kana da hanya, don takarda ba ta tafiya da ƙafarta. Sannan ka ga lauya da wuri. Akwai dokar kare jami'an gwamnati da ke ƙayyade wata uku na shigar da irin wannan ƙara, kuma "dawo jibi" tana cinye wata uku ba ka ankara ba.

Ɗan Kwari:

Ku yi haƙuri in ɗan kauce. Kayan da ke cikin shagon fa, Alhaji, su ba su da tasu inshorar? Mu ambaliyar 2022 ce ta koya mana, dilolin atamfa da shadda suka jiƙe muna kallo. 'Yan Sabon Gari sun riga mu ɗanɗana a gobarar 2016. Duk da haka a layinmu ba mu fi mu uku da muka yi ba.

Mai shagon kayan wuta, Sheka:

Babu, ɗan uwa, ban taɓa kawo shi a raina ba.

Na gode muku gaba ɗaya, musamman Baba ma'aji da Malam na Tarauni. Jiya na koma kamfanin, kuma wallahi layin nan yana ciki, a ƙasa da ƙananan rubutu. Na ce ba zan sa hannu ba sai an rubuta cewa kason inshora kaɗai na karɓa. Yarinyar ta shiga ciki ta daɗe, ta fito ta ce in dawo Litinin za a sake bugawa. Takardar shugaban kuma na kai yau da safe, an buga min hatimi, kwafin yana cikin durowa. Sati uku sun riga sun tafi daga wata ukun, gobe zan ga lauya. Ƙyauren shago dai mai walda ya miƙe shi da guduma, yana rufuwa in an ɗaga shi kaɗan. Hajiya mai Islamiyya, in ba damuwa, waɗanne takardu suka nema da kika je ɗaga taki iyakar? Tawa za ta ƙare ƙarshen wata mai zuwa.