Gajerun haruffan fayil sun kusa sa in yi kuskure a sashen gashin ƙashi

Hauwa'u:
Assalamu alaikum. Ina koyon aikin mataimakiyar likitan gashin ƙashi, wannan makon aka fara tura mu ɗakin marasa lafiya. Jiya aka ba ni fayil ɗin wata dattijuwa da aka yi wa aiki a idon sawu, a sama an rubuta NWB an ja masa layi. Ban san ma'anarsa ba, kunya kuma ta hana ni tambaya. Har na kama hannunta zan sa ta taka ƙafa biyu, Allah ya kawo shugabarmu ta tsayar da ni. Tun jiya jikina a sanyaye yake. Don Allah waɗanne kalmomi ne dole in sani kafin in sake taɓa mara lafiya? Kuma mene ne bambancin aikin asibiti da na bin mutum gida?

Malam Bashir:
Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ki gode wa Allah da abin ya tsaya nan. Fara da haruffan ɗora nauyi. NWB na nufin ƙafar kada ta ɗauki nauyi ko kaɗan. TTWB, yatsu su taɓa ƙasa don daidaita tsayuwa kawai. PWB, wani kaso na nauyi, likitan tiyata ke faɗin nawa. WBAT kuwa gwargwadon yadda mutum zai iya jurewa.

Sai ma'aunin ƙarfin tsoka, daga 0 zuwa 5. A 0 babu motsi sam. A 1 za ki ji tsokar ta ɗan harba ƙarƙashin yatsanki amma gaɓar ba ta motsa ba. Inda ɗalibai ke ruɗewa shi ne 2 da 3: a 2 mara lafiya yana motsa ta ne in an ɗauke masa nauyin gaɓar, misali yana kwance ta gefe, a 3 yana ɗaga ta sama da kansa amma da kin danna sai ta faɗi.

Anti Rabi:
'Yata, a ɗakin jinya ina jin tsoron jiri fiye da komai. Wanda ya kwana uku a gado, in kika miƙar da shi farat ɗaya, jininsa na iya sauka. Zaunar da shi a bakin gado tukuna, ki duba fuskarsa, ki ɗaura masa bel ɗin riƙo a ƙugu. In kika ga sharaɓa ta kumbura, da zafi da ciwo, kada ki matsa ta, kira likita, yana iya zama gudan jini.

Marasa lafiya masu zuwa asibiti daga gida su koma, su aikinsu atisaye ne da auna lanƙwasar gaɓa da goniyomita, wato ma'aunin kusurwar gaɓa. Bin mutum gida kuwa babu kowa kusa da ke. Na taɓa samun mai shanyewar ɓarin jiki yana tafiya lafiya a sashenmu, a gidansa dokin ƙofar banɗaki ya gagare shi.

Malam Bashir:
Na manta ɗaya. Tsarin magani na likitan gashin ƙashi ne, shi ke duba mutum ya tsara. Ke ki aiwatar, ki rubuta abin da kika gani, ki kai masa rahoto. Ko kin ga dattijuwar ta samu ƙarfi, ba ke za ki mayar da NWB zuwa PWB ba.

Hauwa'u:
Allah ya saka da alheri. Na kwafe su a ƙaramin littafi. Gobe dattijuwar zan koya wa tashi daga gado da ƙafa ɗaya, shugabarmu ta ce za ta tsaya a gefena.